Daga Gangar Korar Fara zuwa Fiya-fiya: Tarihin Maganin Ƙwari a Ƙasar Arewa

Gabatarwa

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya ratsa kasuwar Dogon Dutsi ko ta Tibiri da damina ya san teburin mai maganin ƙwari. Kwalabe ne jere, kowace da hotonta da sunanta na kuri. Manomi ya zo ya ce wanda ya saya bara bai yi aiki ba, sai a miƙo mishi wata kwalba mai sabon suna, a ce ai wannan ta fi ƙarfi. To, sunayen nan suna da yawa ƙwarai, amma wuraren da suke kai wa hari a jikin ƙwaro ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba, kuma kusan dukkansu a jijiya suke. Wanda ya san wuraren nan ya san tarihin maganin ƙwari na shekara tamanin, ya kuma san abin da ake sayar mishi.

Arewar da nake magana ita ce tamu ta Arawa, ƙasar Dallol Mawri a jahar Doso, wato gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri, wadda anka cire daga cikinta a 2011. Ƙasar hatsi ce da wake da gyaɗa, ga lambunan rani na dankalin turawa da kabeji da tumatir. Duk abin da ya taɓa ƙwari ya taɓa tukunyarmu.

Kafin kwalba ta zo

Kakanninmu ba su da abin feshi. In fara ta sauko (ko hwara, yadda bakinmu ya saba faɗi), gari duka ake fita. A kaɗa ganga, a buga ƙwarya da gwangwani, a tada hayaƙi. Ƴaƴanta da ba su yi fiffike ba kuwa, rami ake gina musu mai tsawo, a kora su ciki, a binne. Abin da anka iya kamawa a dafa, a shanya, a ci. Dabara ce mai kyau in farar kaɗan ce. In ta rufe rana, sai addu'a.

A 1928 wata annobar fara ta tashi daga fadamun kogin Isa na ƙasar Mali ta yanzu, ta bazu a mafi yawan Afirka, ba ta lafa ba sai wajen 1941. Ita ce ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar, har da ƙasar Doso, aka shiga yunwar 1931. Maƙwabtanmu Zabarmawa da sunan fara suke tuna wannan shekara. Masana tarihi irin su Finn Fuglestad da Boureima Alpha Gado sun nuna cewa fara ba ita kaɗai ta kashe mutane ba: Nasara bai sassauta haraji da aikin tilas ba a lokacin da rumbuna sunka ƙare, mutane da yawa sunka gudu Najeriya. Bayan nan ne gwamnatin mulkin mallaka ta matsa a kan rumbun tsimi na dole.

Maganin da Turawa ke da shi a wancan zamani dusa ce da ake cuɗawa da gubar arsenik, a watsa a hanyar ƴaƴan fara. Sai ta ci take mutuwa, kuma akuyar da ta ci ita ma ta bi ta. Canjin gaske ya zo ne da anka gano yadda za a kashe ƙwaro ta hanyar jijiyarsa, ko bai ci komai ba, taɓawa kawai.

Yadda saƙo ke tafiya a jiki

Kalmar jijiya a Hausa jaka ce mai ɗaukar kaya da yawa: ta jini jijiya ce, ta agara jijiya ce, har saiwar itace wasu jijiya suke ce mata. Wadda nake nufi a nan ita ce mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Fara tana da ita, tsutsa tana da ita, mu ma muna da ita, kuma tsarin aikin kusan iri ɗaya ne.

A cikin zaren jijiya, saƙo kamar wutar lantarki yake gudu. Akwai ƙananan ƙofofi a jikin zaren masu buɗewa su bar sinadarin sodiyom ya shiga, nan take su rufe. Buɗewa da rufewar nan bi da bi su ne gudun saƙon. Amma zare ba ya manne da na gabansa, akwai ɗan rata a tsakani. In saƙo ya iso bakin ratan, sai zaren farko ya saki wani sinadari, ɗan aike ke nan, ya tsallaka ya zauna a wani gurbi da ke jikin zare na biyu wanda ya dace da shi kamar mabuɗi da kwaɗo. Gurbin nan shi zan riƙa kira makarɓa. Babban ɗan aike a jijiyar ƙwari sunansa asetilkolin. Da ya isar da saƙo, akwai wani sinadari mai shara da ke farfasa shi, don kada ya yi ta nanata magana ɗaya. Sannan akwai wani ɗan aiken, GABA, wanda saƙonsa kullum shi ne a dakata. Shi ne birkin jiki.

Wannan ilimi a hankali anka tara shi. A 1905 wani Bature ɗan Ingila, John Langley, yana gwaji da nikotin na taba, ya ce dole akwai wani abu a jikin tsoka mai karɓar sinadari. A 1921 Otto Loewi ya nuna da zuciyar kwaɗo cewa da sinadari jijiya ke aika saƙo. Shi da Henry Dale sunka sami kyautar Nobel a 1936.

Ga wurare huɗu ke nan: ƙofar sodiyom, mai shara, birki, da makarɓar asetilkolin. Ku riƙe su, don duk labarin da ke tafe a kansu yake yawo.

Zamanin jirgin feshi

A 1939 Paul Müller, a ƙasar Suwis, ya gano cewa DDT yana kashe ƙwari, ya kuma sami Nobel a 1948. DDT yana hana ƙofar sodiyom rufewa, sai jijiya ta yi ta harbi ba tsayawa, ƙwaro ya yi ta karkarwa har ya mutu. A Jamus kuma Gerhard Schrader yana binciken wani dangin sinadarai masu fosfor. Su mai shara suke ɗaurewa, ɗan aike ya taru a rata, tsoka ta ƙage. A ɗakin binciken nan ne anka samo gubar yaƙi ta tabun a 1936 da sarin a 1938, daga baya anka samo faratiyon na gona. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Dangi na uku, su lindan da diyeldirin, birki suke tsinkewa.

Waɗannan ne sunka iso Sahel bayan yaƙin duniya na biyu, kuma a hannun hukuma sunka iso. A 1965 ƙasashen yankin sunka haɗa ƙungiyar OCLALAV mai mazauni a Dakar, don yaƙi da fara da tsuntsaye jan baki. Makaminta na farko a kan fara ɗango shi ne diyeldirin. Jirgi ko mota ta fesa shi layi-layi a kan ciyawar daji, a bar fili a tsakani. Ƴaƴan fara in suna tafiya dole su ratsa layin, su ci, su mutu. Maganin yana daɗewa bai lalace ba, shi ya sa ya yi arha, shi ya sa kuma ya zama bala'i: yana taruwa a kitsen dabba da na mutum, har cikin nonon uwa. Jan baki kuwa da fentiyon ake fesa su a makwancinsu, ɗan dangin masu fosfor. Ku lura da wannan: maganin da ke ɗaure mai shara a jikin ƙwaro ya ɗaure na tsuntsu. Ba abin da zai hana shi ɗaure namu.

Fari na 1973 da na 1984 sun sake yanayin ƙwari a ƙasarmu. Da ruwa ya dawo a 1974 da 1975, sannan a 1985 da 1986, ƙananan farin gida, waɗanda ke ƙyanƙyashewa a gonakinmu ba daga hamada suke zuwa ba, sunka yi ambaliya. Murzuna, tsutsar da ke bin zangarniyar hatsi tana yi mata zane kamar an naɗa igiya, bayan farin shekarun 1970 ta zama babbar matsala. Daga 1986 zuwa 1989 fara ɗango ta taso gaba ɗaya. A lokacin masu ba da agaji sun juya wa diyeldirin baya, sai anka koma ga fenitirotiyon da malatiyon, masu ɗaure mai shara. Su ba sa daɗewa, saboda haka sai an fesa fili duka, a kuma sake fesawa. A shekarun nan ne tsarin birgadiye na ƙauye ya yaɗu: samari a ba su horo na ƴan kwanaki da famfon feshi, su zama sojojin ma'aikatar kare tsirrai a garinsu. Iyayen wasu daga cikinmu sun yi wannan aiki.

Annobar 2003 zuwa 2005 ita ce ta ƙarshe babba a yankinmu. An fesa kimanin lita miliyan 13 a ƙasashen da ta shafa. A Nijar ta haɗu da ƙarancin ruwan 2004, anka shiga matsalar abinci ta 2005. A 2007 gwamnati ta kafa cibiyar yaƙi da fara ta ƙasa, CNLA. Yarjejeniyar Istokholm ta 2001 ta sa diyeldirin da DDT a jerin guba goma sha biyu na farko da duniya ta yi wa iyaka, lindan ya bi su a 2009.

Kwalba ta sauko hannun manomi

Yau jirgi ba kasafai yake zuwa ba. Feshi ya koma aikin kowa da kansa, a gonar wake da lambu da ɗakin ajiya. Magungunan ma sun sake. A shekarun 1970 Michael Elliott da abokan aikinsa a cibiyar Rothamsted ta Ingila sunka ƙera fermetirin da sifermetirin da deltametirin, suna kwaikwayon gubar wata fure. Ƙofar sodiyom suke bi, ƙofar DDT ta dā. A 1991 imidakulofirid ya shiga kasuwa, ɗan dangin nikotin, wanda ke zama a makarɓar asetilkolin ya ƙi tashi. Manomin da ke jiƙa ganyen taba ya yayyafa wa shukarsa, makarɓar nan yake bugu, kuma Turawan Faransa ma sun yi haka tun ƙarni na 17. A 1993 fifronil ya zo, shi ma birki yake tsinkewa kamar diyeldirin. Da tsutsar masara mai cin kunnen shuka ta shigo Afirka ta Yamma a 2016, emamektin ya yi kasuwa. Shi wata ƙofa ta biyar yake buɗewa, wadda ƙwari da tsutsotsi ke da ita.

Sababbin nan sun fi tsofaffin zaɓe. Dangin nikotin sun fi kama makarɓar ƙwaro sosai bisa ga ta mutum, dangin deltametirin kuma hantarmu tana farfasa su da sauri. Amma ƙudan zuma ƙwaro ne, makarɓarsa irin ta fara ce. Shi ya sa a 2018 Tarayyar Turai ta hana fesa uku daga dangin nikotin a fili, har da imidakulofirid. Kifi kuma dangin deltametirin ba sa yi mishi da sauƙi, abin lura ga masu wanke famfo a tabki.

A takarda akwai mai gadi. Ƙasashen CILSS sun yi doka guda a 1992, kwamitin Sahel mai tantance maganin ƙwari ya fara aiki a 1994 a Bamako, kuma shi ya hana endosulfan a 2007. A kasuwa labari daban ne. Ƙungiyar zaurukan manoma ta ƙasa, RECA, ta sha bayyana cewa mafi yawan magungunan da ake sayarwa a Nijar ba su da izinin kwamitin, kuma galibi ta iyakar Najeriya suke shigowa. Mu da Kangiwa da Kamba ai kamar ɗaki da zaure ne. Rubutun kwalbar da Turancin Ingilishi yake. Manomin da ya yi lakkwal Faransanci ya koya, wanda ya yi allo ajami ya sani. Gargaɗin yana nan a rubuce, ba mai karanta shi.

Sarkin teburin shi ne fiya-fiya, wato DDVP, jikan binciken Schrader. Da shi ake feshin ɗaki, da shi wasu ke yayyafa wa waken ajiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan DDVP da anka samu a ciki. Waken Arewa kuwa kasuwarsa babba Najeriya ce, ragowar mu ke ci. In gubar ta shiga jikin mutum, abin da ya sami fara shi ke samunsa: yawu ya yi ta zuba, gumi da hawaye, amai da zawo, ƙwayar ido ta ƙanƙance, numfashi ya yi wuya. Shan nono bayan feshi, wanda mutane da yawa sunka yarda da shi, ba ya kwance mai sharar da anka ɗaure. Likita za a nufa da gaggawa, a tafi da kwalbar, don allurar atirofin ake yi wa irin wannan guba. Haka nan farar da anka tsinta a mace ko tana layi bayan feshi, ba ta ci ba ce, ko an soya ta da yaji.

A nan harshenmu ma yana da hannu. Kalma ɗaya muke da ita, magani, ga abin da ke warkar da yaro da abin da ke kashe tsutsa. Maganin ciwon kai, maganin sauro, maganin ƙwari. Kunne ya saba jin alheri a kalmar, shi ya sa ake ajiye kwalbar a ƙarƙashin gado, a kuma wanke jarkarta a zuba ruwan sha. Da guba muke kiranta, da tun tuni an nemo mata wuri a bayan rumbu.

Ƙwaro ma yana sake harafi

Mu masu nazarin harshe mun san aikin harafi ɗaya: kafa da ƙafa, baki da baƙi. Halittar jiki ma da jerin haruffa take a rubuce. Ƙofar sodiyom an gina ta da tubala kimanin 2000, kuma a wasu ƙwari harafi ɗaya ya sauya, tubali na 1014 ya zama wani. Ƙofar tana aikinta, amma guba ba ta kama ta da kyau. In anka yi feshi, marasa sauyin su mutu, masu shi su rayu su hayayyafa. Bayan ƴan shekaru gonar ta zama tasu.

An ga wannan a Nijar ƙarara a jikin sauro. A ƙarshen 2005 da farkon 2006 an raba gidajen sauro masu magani sama da miliyan 2 a ƙasar, kuma binciken cibiyar CERMES ta Yamai da ya fito a 2008 ya nuna sauyin nan ya ƙaru a sauron zazzaɓi bayan rabon. A yankunan auduga na Burkina Faso an danganta taurin kan sauro da feshin gona. Maganin gidan sauro da na lambu ƙofa ɗaya suke bi, saboda haka abin da ake yi a lambu yana iya biyo mu har gado.

To, ka ga manomin da ya bar kwalba mai sifermetirin ya sayi mai lamda-siyalotirin, suna ya sake, ƙofa tana nan. Abin da zai taimake shi ɗan ilimin ɗafa-ƙeya ne. A bar babban sunan, a nemi ƙaramin rubutun da ke ƙasa mai faɗin sinadarin. Wanda ya ƙare da -thrin ko -thrine, ƙofar sodiyom ce. Mai -phos, -fos, -vos ko -thion, mai shara yake ɗaurewa, kuma dangin nan ne ya fi haɗari ga mai feshi. Mai -prid, makarɓar asetilkolin ce. Wasu kwalaben suna ɗauke da lambar dangi: 1 na mai shara, 2 na birki, 3 na ƙofar sodiyom, 4 na makarɓa, 6 na su emamektin. Sake magani na gaske shi ne sake lamba. Layin launi na gindin takarda kuma haɗari yake faɗi: ja ya fi kowanne, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

Wasu hanyoyin

Ba duk nasara ce ta fito daga kwalba ba. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta cinye komai a Sudan ta bar bedi. Sinadarin ƴaƴan bedi yana hana ƙwaro cin abinci, yana kuma hana shi saɓa, ga itacen a kowace ƙofar gida. Shirin LUBILOSA ya samo wani naman gwari mai kama fara kaɗai, anka gwada shi a manyan filaye a Maine Sorowa a shekarun 1990. Aibinsa a idon manomi shi ne jinkiri, sai an yi mako ɗaya zuwa uku. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken INRAN na Maraɗi irin su Ibrahim Baoua sunka yaɗa daga 2007, iska yake hana ƙwaron wake, ba ɗigon guba ko ɗaya.

Murzuna kuma, da yake cikin zangarniya take ɓuya, feshi bai cika samunta ba. Daga 2006 masu bincike a Nijar da Mali da Burkina Faso sunka shiga kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, ana rataya shi cikin ƙananan buhunan garara a gonaki. Macen tana harbin tsutsar, dafinta ya yanke saƙo tsakanin jijiya da tsoka, tsutsa ta sandare, ta yi ƙwai a kanta. Ita ma jijiya take bi, amma da kanta take zaɓen wanda za ta harba. Feshin da bai da zaɓe yana kashe ta tare da abin da take farauta.

Bincike yanzu ya karkata ga jijiyar fara ta wata fuska. A 2009 masana a Ingila sunka nuna cewa in fari sunka cunkushe suna gogar ƙafafun baya, sinadarin serotonin yana ƙaruwa a jijiyarsu, cikin sa'o'i kaɗan mai gudun ƴan uwanta ta koma mai neman taro. A 2020 masana a Sin sunka gano warin da ke kiran wani jinsin fara zuwa taro, da makarɓar da ke jin warin a ƙahonta. In an iya toshe irin wannan makarɓa, za a hana taron tun bai haɗu ba. Abin yana ɗakin gwaji tukuna.

Kammalawa

A 1931 matsalar kakanninmu ita ce ba su da makami. Tamu ita ce makamin yana hannun kowa, bayaninsa kuwa yana cikin harshen da ba na kowa ba. Nan ne aikinmu yake, mu da anka tura karatu. Lambobi biyar ne da ɗafa-ƙeya kaɗan da launi huɗu, duka ba su cika shafi ɗaya ba. Za a iya rubuta su da Hausa, a boko da ajami, a manna a teburin mai sayarwa, a karanta su a gidajen rediyon karkara kafin wake ya fara fure. Wanda zai je hutu gida a bana, ya ɗauki kwalbar da ke ɗakin babansa ko ta lambun yayansa, ya karanta musu ƙaramin rubutun, ya gaya musu ƙofar da take bi da abin da za su yi in ta zube a jiki.